Gidan Matafiyi: Unguwar da Ta Dace da Ɗan Kudancin Kano a Cikin Birni

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Zariya, daidai Na'ibawa, bayan an idar da sallar asuba ranar Litinin, lalle ya ga wani ayari wanda kakanninmu ba su san irinsa ba, ko da yake da za su dawo su gan shi ba za su kasa gane manufarsa ba. Samari ne, jaka a kafaɗa, waya a hannu. Wannan malamin gona ne zai nufi Kadawa da Tiga, wancan ma'aikacin lafiya ne da aka tura Doguwa, ga lauya mai shari'a a Tudun Wada, ga wakilin kamfanin taki, ga kuma yaron wani attajirin Dawanau da aka aika ya gano yadda masara ta yi bana. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan Bebeji ne da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda karatu ya kawo birni, aiki ya riƙe su a ciki, sa'an nan aikin nan ya sake ɗora su bisa hanyar da suka biyo suka zo, har ya zama rabin makonsu a birni, rabi a kan titi.

Mas'alar da ke gaban irin waɗannan samari, wadda galibi ba a ba ta haƙƙinta na tunani, ita ce inda za su kama gida. Abin da aka saba gani shi ne, da zarar albashi ya fara shigowa a kai a kai, sai saurayi ya tafi wurin dillali da sunan unguwa a bakinsa, sunan da ya ji abokansa na ambata da girmamawa, ya biya kuɗin shekara da la'ada, ya shimfiɗa kafet, ya rataya labule, kana daga baya ya gano cewa ya zaɓi gida irin na muƙimi alhali shi musafiri ne. Muƙimi yana auna gida da kwanakin da zai yi a cikinsa. Musafiri kuwa tilas ya auna shi da abu biyu da ba su dami muƙimi ba: sa'ar da zai ci kafin ya fita daga gari, da halin da gidan zai kasance a kwanakin da ba ya nan.

Mutanen Bebeji su ne mafi ƙarancin uzuri a cikin wannan al'amari, domin a garinsu aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa waɗanda fatauci ya zame musu gado. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya san Kumasi da Ankara da Ikko, kuma ya daɗe yana shigowa Kano yana sauka wurin fatoma kamar sauran fatake. Fatoma kuwa, ga wanda bai tarar da zamaninsa ba, shi ne mai masauki wanda ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, ya kuma riƙe masa amana idan ya juya baya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Ɗantata ya kafa gidansa a Sarari ta wajen Koki, kusa da kasuwar Kurmi, kuma ba nesa da ƙofofin da ke fita Fagge da kantunan Turawa ba, nan ya zauna har ya rasu a 1955. A ganina darasin da ke ciki a bayyane yake, mutumin bai gaggauta mallakar gida ba sai da harkarsa ta nuna masa inda ta fuskanta, da ya tashi zaɓe kuwa ya zaɓi tsakanin kasuwa da ƙofa.

Hasali ma tsohon birnin Kano duka bisa wannan hikima aka shimfiɗa shi. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa hujja: Zangon Barebari, Agadasawa, Tudun Nufawa, Ayagi, kowace al'umma ta sauka inda 'yan'uwanta suka riga ta, Fagge kuma a wajen ganuwa ta zama zangon ayarin raƙuma. Baƙo a wancan zamani ba ya tambayar unguwar da ta fi suna. Yana tambayar inda mutanensa suke, da ƙofar da ke kallon garinsu.

Ƙofar ɗan kudu a yau titin Zariya ce. Daga Na'ibawa hanya ta ratsa Tamburawa da Kura da Kadawa da Ciromawa, ta bar Bagauda a gefe, inda Makarantar Horar da Lauyoyi take, ta bar madatsar ruwan Tiga wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, har ta kai Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru. A nan ne hanya ta rabu biyu, wanda ya miƙe ya nufi Zariya da Kaduna da Abuja, wanda ya karya hagu ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, ya shiga ƙasar Doguwa mai duwatsu da kuzar Riruwai, ya wuce Saminaka zuwa Jos. Wato ɗan wannan yanki ya yi dace da abin da ɗan Bichi ko ɗan Gaya bai samu ba, domin hanyar garinsu da hanyar Abuja ɗaya ce har tsawon tafiya mai yawa, ko ziyarar mahaifa ta tashe shi ko taron ofis, ta ƙofa guda zai fita. Tun da aka sake gina titin, aikin da aka fara a 2018, tafiyar da ke tsakanin Na'ibawa da Kwanar Ɗangora ta yi sauƙi ƙwarai, har ya zama sau da yawa wahalar tafiya ba a daji take ba, a cikin gari take.

Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa. Mutumin da ya kama gida a Rijiyar Zaki, ko Kurna, ko Dakata, komai kyan gidan da arahar hayarsa, ya ɗora wa kansa harajin da ba a rubuta a takardar haya ba, domin duk ranar tafiya sai ya keta birnin daga wannan gefe zuwa wancan, cikin cunkoson 'yan adaidaita sahu da manyan motoci da 'yan makaranta, kafin ma a ce an fara tafiyar. Gadojin da aka gina a Ƙofar Nasarawa da Dangi da Hotoro sun rage wani abu, hanyoyin kewaye na gabas da yamma, waɗanda suka haɗu da titin Zariya a wajen Na'ibawa, su ma sun rage, amma ba su shafe nisa ba. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da farashin litar fetur a hukumance bai kai naira 200 ba, ana iya ɗaukar wannan ratse a matsayin ɓata lokaci kurum. Bayan cire tallafi, da lita ta haura naira 500 nan take, ta kuma kai wajen naira 1,000 a 2024, ratsen ya zama kuɗi tsagwaronsu, wanda in aka tara na shekara yana iya cinye rangwamen da aka yi murnar samu a haya. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Akwai masu cewa, to ai filin jirgin saman Malam Aminu Kano a arewacin gari yake, wanda ke yawan hawa jirgi ya fi dacewa da Bompai ko Nasarawa ko wajen Fagge. Wannan magana gaskiya ce ga wanda ta shafa, sai dai waɗanda ta shafa ba su kai yawan waɗanda suke zaton ta shafe su ba. Shawarata ga saurayi ita ce ya ɗauki takarda ya lissafa tafiye-tafiyensa na watanni shida da suka wuce, ba waɗanda yake burin yi ba, ya ga nawa ne ta sama, nawa ne ta Kwanar Ɗangora. In ya tarar jirgi sau biyu ne, mota sau talatin, to hukunci ya fita da kansa, ba sai an nemi fatawa ba.

Idan an yarda da wannan, sai a dubi zirin unguwannin da ke jikin titin Zariya. Gyaɗi-Gyaɗi da Hausawa da Tarauni da gidajen Kundila tsofaffin wurare ne da suka zaunu, akwai masallatai da makarantu da kasuwannin cefane, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kusa, wanda ba ƙaramin kwanciyar rai ba ne ga mai barin iyali a gida. Aibinsu tsadar haya da ƙarancin gidan da babu kowa. Unguwa Uku tana da tashar mota, mutum na iya fitowa da ƙafa ya hau motar Tudun Wada ko Jos ko Kaduna, amma wanda ya kama ɗaki a bakin tasha ya sayi kusanci da barcinsa, gara ya shiga lungu biyu ko uku daga titi. Na'ibawa ita ce bakin ƙofa sosai, ga 'Yan Lemo ga 'Yan Katako, da duk hayaniya da ƙurar da manyan motoci ke jawowa. Hotoro ta dace da wanda aikinsa ya rabu tsakanin kudu da hanyar Maiduguri, saboda hanyar kewaye ta gabas. Mutumin Kiru kuwa, da wasu sassan Bebeji, yana da wata mafita ta Panshekara da Madobi, don haka Sharaɗa da Sheka da Ja'en ba su yi masa nisa ba. Wani abin dariya, wanda ya faru da baƙi fiye da ɗaya: akwai Tudun Wada a cikin birnin Kano, can ta wajen Bompai, kuma babu abin da ya haɗa ta da Tudun Wadar Ɗankadai, wadda muke magana a kanta, sai suna, wanda ya ce wa direba Tudun Wada kawai ya yi shiru, kada ya zargi kowa.

Daga Na'ibawa zuwa gaba, ta Ɗangwauro da Kwanar Dawaki da bayan rukunin gidajen Kwankwasiyya, gari yana ta cin gonaki, kuma nan ne zuciyar matashi ta fi karkata, domin gini sabo ne, tayil yana ƙyalli, haya da sauƙi, titi kuma ga shi nan. A nan nake jan kunne. Da yawa daga cikin sababbin unguwannin bayan gari awon igiya ne, an yanka filaye ba tare da an bar wa ruwa hanyarsa ba, layin da ka shiga da mota a watan Janairu yana iya zama kududdufi a watan Agusta. Wanda zai duba gida a irin wannan wuri ya je da damina, in kuwa da rani dole ta kama shi, ya dubi gindin katangun maƙwabta, domin ruwa yana barin sa hannunsa a jikin bulo, kuma shaidarsa ta fi ta dillali inganci. Amma ko wannan ba shi ne babban aibin ba. Babban aibin shi ne kango a dama, kango a hagu, fili a baya, babu wanda zai ji ƙarar ɓalle ƙofa.

Ga mu a kan asalin magana. Larabawa na cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, kuma in akwai wanda wannan magana ta zame wa wajibi, ba mustahabbi ba, to matafiyi ne. Gidan da ake kullewa ranar Litinin a buɗe ranar Alhamis, duk unguwa ta san jadawalinsa cikin wata guda, mai shayi ya sani, mai garuwa ya sani, yaran da ke zaune a bakin layi sun sani, kuma wannan sani yana iya zama kariya, yana iya zama fitina, gwargwadon irin mutanen da suka riƙe shi. Doguwar katanga da waya mai ƙaya a kanta ba su hana ɓarawo shiga, abin da suke yi shi ne su hana maƙwabci ganin ya shiga. Na san wani ma'aikacin noman rani, mutumin ƙasar Kiru, da ya bar ciki da falo a gidan haya mai mutane huɗu saboda, a cewarsa, surutun yara ya dame shi, ya koma gida shi kaɗai a bayan gari. Bai cika wata uku ba ya dawo daga Tiga ya tarar an kwance masa batiran sola da injin jan ruwa, an kuma yi aikin cikin natsuwa, domin har ƙofa aka ja masa aka rufe. Surutun yaran nan da ya guda, ashe shi ne maigadinsa.

Saboda haka alamomin unguwar kirki ga matafiyi ba a jikin gini suke ba. Ya je masallacin layin da asuba, ba da azahar ba, ya ga sahu nawa ne, ya ga ko dattawa ne da suka san juna. Ya tambaya ko akwai 'yan sintiri, nawa ake bayarwa a wata, wa ke karɓa. Ya lura ko akwai tsohon da ke zama a ƙofar gida da hantsi, irin wanda babu baƙuwar fuskar da za ta wuce bai tambayi wurin wa ta zo ba. Sa'an nan, in ya kama gidan, kada ya raina zuwa gaida mai unguwa da liman, ya faɗi sunansa da garinsu da aikinsa, ya bayyana cewa shi mai yawan tafiya ne. Samarinmu na boko suna ganin wannan tsohon yayi ne, alhali shi ne ragowar tsarin fatoma da ya saura mana. Haƙƙin maƙwabtaka kuma ba karɓa kaɗai ba ne: wanda ke dawowa daga Doguwa da kaka, mota cike da masara da rake, ya wuce ƙofar maƙwabcinsa bai sauke ko ƙwarya guda ba, bai kamata ya yi mamaki ba in an ga ƙofarsa a buɗe aka kau da kai.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗinta a fili ba. Masu gidaje da yawa a Kano ba sa son ba wanda bai yi aure ba haya, balle wanda ke fita kafin gari ya waye ya dawo bayan kwana uku, kuma abin ya fi tsanani ga 'ya mace ma'aikaciya, likita ce ko mai aikin ƙungiyar agaji, wadda sau da yawa sai wa ko kawu ya tsaya mata kafin a saurare ta. Ana iya jayayya a kan adalcin wannan al'ada, ni ma ina da ta cewa, amma mai neman gida ba gyaran al'ada ya fito ba. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne mutumin da aka sani ya gabatar da kai, kuma nan ne amfanin sauka kusa da mutanen garinku yake, domin dattijon Bebeji da ya shekara ashirin a Unguwa Uku, kalmarsa guda ta fi takardar shaidar aiki nauyi a wurin mai gida.

Ruwa da wuta ba sa bukatar dogon bayani. A tambayi kuɗin kurar ruwa a layin, a tambaya ko gidan na da rijiya ko burtsatse. Abin takaici ne dai a ce ruwan Tiga, na ƙasar Bebeji, shi ke gangarowa matatar Tamburawa, amma ɗan Bebeji a birni da jarka yake saye. Wuta kuwa, tun da aka ɗaga kuɗin layin da ake kira Band A a Afrilu 2024, matafiyi ya nace a kan mita tasa shi kaɗai ta kati, kada ya shiga rabon bil da mutanen da ke kwana bakwai a gida shi yana kwana uku.

Bari in ɗan ratse, domin malamanmu sun riga masu tsara birane tunani a kan wane ne matafiyi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibin Risala ya sani, nisan da ke halatta ƙasaru mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80, ba a fara ƙasaru sai an wuce gidajen gari, kuma niyyar zaman kwana huɗu tana yanke hukuncin tafiya. Bisa wannan ƙiyasi, mai zuwa Bebeji daga Kano bai zama musafiri ba, mai zuwa Tudun Wada da Doguwa ya zama. Abin lura a nan shi ne, wannan iyaka ta fiƙihu ta yi kusa da iyakar maslaha: wanda aikinsa bai wuce Bebeji da Kiru ba yana iya zuwa ya dawo a yini guda, gidansa ba ya kwana a kulle, don haka kusanci da titi ya fi masa muhimmanci, wanda kuwa ke ƙetare Tudun Wada, kwana ya kama shi, maƙwabci ya fi masa titi.

Dalilin kwanan kuwa sananne ne. Dajin Falgore ya yi shekaru yana da mummunan suna saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sojoji suka mai da shi filin atisaye, kuma ko da al'amura sun lafa, direbobin hanyar ba sa son ratsa shi da dare, mai hankali kuma ba ya musu da direba a kan hanyarsa. Wanda ya taso daga Doguwa bayan la'asar zai shigo Kano da duhu, a garin da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja tun Janairu 2013, inda 'yan adaidaita sahu ke raguwa in dare ya yi, masu ƙwacen waya kuma suna fitowa. A wannan sa'a ce mutum ke sanin ƙimar unguwarsa, ko tafiyar minti biyar ce daga inda mota ta sauke shi, cikin layi mai haske da masu shayi, ko kuwa sai ya sake neman abin hawa biyu da jakar kwamfuta a bayansa.

Saura tambaya guda, wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba: shin dole ne ma a zauna a birnin? Wanda kwana huɗu na makonsa ke ƙarewa tsakanin Tiga da Kafin Maiyaki da Tudun Wada, kuma iyayensa na nan da rai a ɗaya daga cikin garuruwan, ya yi lissafi da gaskiya ko bai fi masa ba ya ajiye iyalinsa a gida, inda hatsi ke da sauƙi, inda matarsa ba za ta kwana ita kaɗai cikin baƙi ba, ya riƙe ɗaki guda a birni na kwana biyu. Abin da ke hana mutane wannan shi ne makarantar yara da asibiti da wutar lantarki, kuma hujjoji ne masu ƙarfi waɗanda ban isa in rushe su ba. Laifin rashin waɗannan abubuwa yana wuyan waɗanda suka bar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ƙananan hukumomi huɗu masu ciyar da birni, ba tare da abin da zai riƙe 'ya'yansu masu ilimi ba. Amma akwai kuma waɗanda ba makaranta ce ta hana su ba, kunyar a ce sun koma ƙauye ce, waɗannan kuwa suna biyan kuɗin shekara ne domin bakin mutane.

Ga wanda zama a birni ya zame masa dole, hukuncina shi ne ya nemi tsohuwar unguwa da ta cika da mutane tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Na'ibawa, layi biyu ko uku daga titin Zariya, a gidan da wani ke kwana a cikinsa kullum, ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta, ko da fentin ya tsufa. Kuma kada ya biya dillali ko sisi sai ya yi sallar asuba sau ɗaya a masallacin layin.